Gumbar da Fatsuma Ta Aiko

Alkasim yana tsaye a layin kedai, wato kantin da ke ƙasan benensu a unguwar Pantai Dalam ta Kuala Lumpur, kwandon albasa da ƙwai a hannu, takunkumi ya jiƙe da gumi, sai wayarsa ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce, amma bai san mai ita ba.

"Alkasim ne? Abdussalam ke magana, yayan Muhyiddeen."

Suka gaisa. Gaisuwar ta yi tsawo, aka tambayi karatu, aka tambayi gari, aka tambayi cutar nan da ta rufe duniya, aka sake dawowa kan karatu. Duk wanda ya tashi a gida ya san irin gaisuwar da ba ta son isa inda za ta. Alkasim ya ajiye kwandon a ƙasa ya fita daga layi.

"Yana kusa da kai?"

"A'a, Yaya, yana sama. Ni na fito cefane."

"To, madalla. Iya ce Allah ya yi wa rasuwa cikin dare. Hawan jinin nan ne. Yanzu muka dawo daga kai ta."

Alkasim ya yi ta maimaita innalillahi, har matar da ke kusa da shi a layin ta ƙara ja da baya. Yaya Abdussalam ya bar shi ya gama, sannan ya faɗi abin da ya sa ya kira.

"Mun zauna da kawunnanmu. Laraba mai zuwa ce jarrabawarsa, ko ba haka ba? Kada ya ji sai ya fito. Shekara huɗu yana kan abu ɗaya, kuma ko ya ji ba jirgin da zai kawo shi. Mun hana kowa kiransa. Kai ne kusa da shi, na ba ka amana."

Haka ake yi, ba sabon abu ba ne. Wanda ke nesa, ga babban abu a gabansa, akan riƙe masa labari har ya sauke. Sai dai da Yaya Abdussalam ya san wanda ya ba amanar, da ya ɗan yi tunani. Alkasim injiniya ne, bincikensa kan ƙarfin siminti ne, kuma fuskarsa ba ta taɓa riƙe sirri ba. Ko gishiri ya yi yawa a miyar mutane, kafin ya ce ta yi daɗi an riga an gani a goshinsa.

Su biyu ne a gidan, shi da Muhyiddeen, a hawa na goma sha huɗu. A shekara ta biyu ta annobar ne, gwamnati ta sake kulle gari. Jami'a a rufe, masallatai a rufe, mamak, gidan abincin kan kwana, sai tapau kawai, a ƙunsa maka ka wuce. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, kuma Alkasim ne wannan mutumin, don tun da aka rufe ɗakin gwajinsu ba shi da aikin da ya wuce wannan. Daga baranda yakan ga jirgin ƙasa yana wucewa da fitilunsa a kunne, ba kowa a ciki.

Shi kuwa Muhyiddeen malamin Faransanci ne a wata kwalejin ilimi, ɗan Dutsin-ma. Ana yawan tambayarsa abin da ya kai mai karatun Faransanci Malesiya, shi kuma yakan ce inda asusun tallafi ya nuna nan ake zuwa. Digirinsa na uku a kan wani Bafaranshe ne marubucin gajerun labarai, wanda ya mutu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sunan mutumin ya ƙi zama a bakin Alkasim, don haka ya raɗa masa Mai Gashin Baki, saboda hotonsa da ke manne a jikin firiji. Su uku ke nan a gidan, in ji Alkasim, amma biyu ke biyan haya.

Abu ɗaya ya sauƙaƙa masa aikin. Tun wata guda da ya wuce Muhyiddeen ya miƙa masa wayarsa ya ce ya kulle a durowa, don ya san halin kansa, in ya shiga hirar 'yan gida sai yini ya tafi. Ranar Juma'a kawai yake karɓa ya kira Iya, ya mayar.

Alkasim ya koma layi ya biya kuɗin albasa, ya hau lif, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara fuskarsa.

"Injiniya, ka daɗe," in ji Muhyiddeen daga kan tebur, bai ɗago ba.

"Layi ne. Sannu da aiki, Malam."

Muhyiddeen ya ɗan dube shi ta saman tabarau. A shekarunsu tare Alkasim bai taɓa ce masa sannu da aiki ba. Abin da ya saba cewa shi ne, "Har yanzu kai da Mai Gashin Baki ba ku sasanta ba?"

Suna da wata al'ada da suka fara tun da aka sa ranar viva, jarrabawar bakin da zai kare aikinsa a cikinta. Bayan magariba, in sun idar da sallarsu ta mutum biyu a falo, sai Muhyiddeen ya tsaya a gaban tebur ya yi bayanin aikinsa da Hausa, Alkasim ya zauna a kujera ya zama mai jarrabawa. Hujjar Muhyiddeen ita ce in mai siminti ya gane, to kowa ma zai gane. Alkasim ya riƙe wannan muƙami da muhimmanci, yana katse shi, yana yi masa tambayoyin rainin wayo, yana cewa da yaren 'yan ƙasar, "Boleh lah," wato ba laifi, "amma ban gamsu ba."

Ta nan ya san tarihin mutumin kamar na wani kawunsa. An haife shi a arewacin ƙasarsu kusa da teku. Iyayensa sun rabu yana yaro, a hannun uwarsa ya tashi. Ya yi soja lokacin da aka ci ƙasarsu da yaƙi, ya dawo ya zama akawu a ma'aikata, aikin da ya tsana, ranar hutu ya tafi kogi ya yi ta tuƙa kwalekwale. Cikin shekara goma ya rubuta labarai kusan ɗari uku, kan manoma masu rowa da ƙananan ma'aikata da sojoji da matan da gari ke zunɗe. Ya yi suna, ya yi kuɗi. Sannan ciwo ya ci kansa, ya ƙare a gidan masu taɓin hankali, bai yi nisa da arba'in ba.

Abin da ya fi ba Alkasim haushi game da shi kuwa, rashin tausayinsa. Zai kawo maka mutum cikin tashin hankali, ya tsaya yana gaya maka launin maɓallin rigarsa.

"Wannan ba mutumin kirki ba ne," in ji shi wata rana.

"Ba a ce ka ba shi 'yarka ba," in ji Muhyiddeen. "Ka saurari abin da nake cewa. Kowa yana cewa gwaninsa shi ne ɓoye ƙarshen labari, ya bari sai layin ƙarshe ya mare ka. Ni na ce ƙarya ne, ba ya ɓoye komai. Tun shafin farko yake ajiye maka ƙarshen a kan tebur, cikin wani ƙaramin abu, takalmi ko kwano ko yadda wani ya gaishe da wani. Mai karatu ya gani sarai. Ƙin kallo yake yi, don ba ya so labarin ya tafi can. Shi ke nan aikina gaba ɗaya, sauran shafukan cika takarda ne."

A daren Alhamis ɗin nan da aka yi masa waya, Alkasim ya zauna a kujerarsa kamar kullum, amma bai katse shi ko sau ɗaya ba. Da aka gama ya ce, "Ya yi kyau, Allah ya ba da sa'a." Sannan ya tashi ya wanke kwanuka, alhali ba ranar wankinsa ba ce.

Juma'a ita ce matsalar farko. Muhyiddeen ya miƙo hannu bayan la'asar ya ce a ba shi wayarsa. Alkasim ya kwana yana shirya amsa, ya faɗe ta a guje kamar ɗan makaranta yana biya hadda.

"Malam, saura 'yan kwanaki viva ɗinka. Kana kunna wayar nan saƙonni za su zubo, ka zauna kana reply har dare. Ga tawa, in kira maka Yaya Abdussalam ya ba ta."

"Yaushe ka samu lambar Yaya?"

"Tun tuni. Kai ka ba ni."

Muhyiddeen bai yi musu ba. Yaya Abdussalam ya ɗauka, muryarsa garau, don shi ya iya abin da Alkasim bai iya ba. Iya ta tafi ƙauye suna, in ji shi, jikar ƙanwarta ce ta haihu, kuma ka san can sai an hau tudu ake samun layi. Ta ce a gaya maka ka dage, tana yi maka addu'a. Muhyiddeen ya yi dariya ya ce Iya da yawon suna, ko ƙafa na ciwo sai ta je. Ya miƙa wa Alkasim wayar ya koma kan tebur. Alkasim ya shiga banɗaki ya daɗe yana wanke hannu.

Mutum ɗaya ya gaya wa, don amanar ta yi masa nauyi shi kaɗai. Malam Abdulwahidu, dattijon ɗaliban unguwar, wanda ke benen da ke kallon nasu tare da iyalinsa. Ashe ma ya riga ya ji, domin matarsa Fatsuma 'yar Dutsin-ma ce, gidansu da gidan Iya katanga ɗaya ta raba. Malam Abdulwahidu ya ce kada ya damu, ya ja kunnen kowa, ya kuma ja kunnen Fatsuma sau biyu.

Fatsuma ta ji. Ba ta kira kowa ba, ba ta rubuta komai a ko'ina ba. Amma an hana ta magana ne, ba a hana ta girki ba. A wurinta gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya, ko da masu gidan ba su san an yi ba, ko da gidan yana hawa na goma sha huɗu a wata ƙasa. Tun daren Alhamis Malam Abdulwahidu ya fara tsallako filin ajiye motoci da kula a leda, ya rataye a ƙarfen ƙofarsu, ya danna ƙararrawa ya juya. Tuwon shinkafa da miyar kuka. Washegari dambu.

"Me muka yi wa Maman Nuriyya haka?" in ji Muhyiddeen yana suɗe hannu. Haka suke kiran Fatsuma, da sunan 'yarta.

"Saboda viva ɗinka ne. Ta ce kada ka ɓata lokaci a kicin."

"Ai ba ni ke girkin ba, kai ne."

"To ta tausaya maka ne da girkina."

Wannan ce ƙaryar da ta fi yi masa kyau a duk makon, har ya ji daɗin kansa.

Ranar Asabar da hantsi ƙararrawa ta yi ƙara Alkasim yana wanka. Kafin ya fito Muhyiddeen ya riga ya shigo da ledar ya buɗe a kan tebur, ya ture littattafansa gefe. Ba kula ba ce wannan karon. Babban kwanon silba ne, cike da gumba. Ba gero a Kuala Lumpur sai an sha wuya, don haka ta shinkafa ta yi, ta jiƙa ta niƙa a injin markaɗe, ta sa sukari, ta cura, ta ɗaure kowane curi a 'yar ledarsa. Sun cika kwanon har murfin bai zauna ba.

Alkasim ya tsaya da tawul a wuya. Ba wanda ke yin gumba don kwaɗayi, kuma yau kwana uku da rasuwar.

"Af, na manta ban gaya maka ba," ya ce. "Kawun Malam Abdulwahidu ne ya rasu a Gombe. Sadakar uku ce suke rabawa."

Muhyiddeen yana kallon kwanon. Ya ɗauki curi ɗaya ya juya shi a hannu, ya mayar inda yake.

"Allah ya jiƙansa," ya ce.

"Amin."

"Ka ce ina yi masa gaisuwa, in na fito zan kira shi."

Bai ci ba. Ya ce sukari da safe yana sa shi barci. Ya kwashe kifi da kajin da ke cikin firiza ya matsar da su ƙasa, ya goge wurin da tsumma, ya sa kwanon yadda yake, ya rufe. Sannan ya jawo littattafansa ya ci gaba. Alkasim ya saki numfashi. A ransa ya ce an tsallake, ya kuma ƙudurta zai yi wa Malam Abdulwahidu magana mai zafi, amma da ya kira sai ya ɓuge da godiya.

Kwanakin da suka biyo baya sun tafi lafiya, a ganin Alkasim. Muhyiddeen ya ƙara yin shiru, amma wa ba zai yi shiru ba jarrabawa na tafe. Ya rage ci. Bayan azahar yakan shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, ya kunna fanka a lamba mafi ƙarfi, ya daɗe, ya fito idanunsa ja ya ce hasken kwamfuta ne. In ya ja su salla sujadarsa ta ƙarshe takan yi tsawo har gwiwar Alkasim ta fara ƙorafi. Alkasim ya lura da duk wannan ya kuma samo wa kowanne dalili. Bai taɓa sanin yana da wannan baiwar ba.

Shi kansa ya zama wani mutum daban. Ya daina tsokana. Ya sayo lemo da ayaba ba a aike shi ba. Yakan ce sannu in Muhyiddeen ya yi tari, sannu in ya tashi, sannu in ya zauna. Wani lokaci yakan tsaya a ƙofar kicin yana kallon ƙeyar abokinsa, tausayi ya cika shi, haɗe da wani abu mai kama da jin kai, irin na wanda ya san abin da wani bai sani ba.

Ranar Litinin bayan magariba suka yi gwajin ƙarshe. Muhyiddeen ya bi tarihin tiryan-tiryan, teku, yaƙi, ma'aikata, kogi, ciwo. Da ya zo ƙarshe sai ya ƙara abin da bai saba faɗa ba.

"Ya mutu ya bar uwarsa da rai. Ta yi shekaru bayansa. Da can ina ganin wannan ne wuri mafi ban tausayi a tarihinsa."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina ganin shi dai bai ga nata ba." Ya gyara takardunsa. "Yi mini tambaya, Injiniya. Kwana biyu ka zama mai jarrabawar banza, komai na faɗa sai ka ce ya yi."

Alkasim ya lalubo tambaya da ƙyar. "To in mai karatu ya riga ya gani, me ya hana shi rufe littafin?"

"Muddin marubucin bai faɗa da bakinsa ba, akwai sauran ɗan wuri. A wannan ɗan wurin yake zaune."

"Boleh lah," in ji Alkasim.

Laraba ta zo da ruwan sama tun safe. Muhyiddeen ya sa farar shaddarsa da hula, ya jawo tebur kusa da taga inda layin intanet ya fi ƙarfi, ya shiga ɗaki ya rufe. Alkasim ya zauna a falo ya kashe wayarsa don kada ta ja layin. Ta cikin ƙofa yana jin muryoyi uku daga kwamfuta, mace ɗaya da maza biyu, ana Turanci ana tsoma Faransanci. Ba ya gane rabin abin da ake cewa, amma ya gane muryar abokinsa, a daidaice take, ba rawa. Sau ɗaya ma ya ji an yi dariya.

Shi kuwa nasa jawabin yake biyawa. Zai bari ya ci abinci tukuna. Zai fara da cewa dukkanmu na Allah ne. Zai kawo maganar shekarun Iya da kyakkyawar shaidar da aka yi mata. Ko kuwa ya kira Yaya Abdussalam ya miƙa wayar ya gudu baranda. Ya tsara ya rushe, ya sake tsarawa, har ruwan ya tsagaita.

Wajen azahar ƙofa ta buɗe.

"Ya aka yi?"

"An ba ni. Gyara kaɗan ne, minor."

"Alhamdu lillahi! Dakta!" Alkasim ya miƙe zai rungume shi, amma Muhyiddeen ya wuce shi. Ya ɗauko dardumar da suke salla a kai, ya ture teburin tsakiya da ƙafa, ya shimfiɗa ta jikin bango tana kallon ƙofar shigowa. Ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Alkasim ya san wannan zaman. Ya gan shi a ƙofar gidaje da yawa.

"Ran Alhamis ne ko daren Laraba?" in ji Muhyiddeen.

Duk jawabin ya bi iska. Alkasim ya ce, "Cikin dare. Da safe aka kai ta."

"Ta sha wuya?"

"Yaya ya ce a'a. Hawan jinin ne."

Muhyiddeen ya gyaɗa kai a hankali, leɓunansa suna motsi. Can Alkasim ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini. Sannun da kake ta yi mini ce ta fara sa ni zargi, amma na ce ƙila kai ne ke da damuwa. Wanda aka ba sadaka, Injiniya, curi biyu ake ba shi, ko uku in ana ji da shi. Wanda aka kawo wa kwano cike, a ɗaure ɗaya-ɗaya, shi ake so ya raba. Gidan rasuwa ake kai wa irin wannan. Sau nawa Iya ta aza mini irin kwanon nan a ka ta ce in kai maƙwabta."

"Tun Asabar ke nan."

"Tun Asabar."

Alkasim ya tuna fankar nan mai ƙara, da jajayen idanu, da doguwar sujada. Ƙofar katako ce siririya tsakaninsu, shi yana wannan gefen yana yanka lemo yana jin daɗin iya ƙaryarsa. Kunya ta rufe shi, sai kuma ta juye ta zama haushi.

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba? Wallahi da ka tambaya da na faɗa!"

"Na sani. Shi ya sa ban tambaya ba." Muhyiddeen ya share fuska da tafin hannu. "Amana aka ba ka, kana ta fama da ita, na ga ba kyau in kwance maka. Kuma muddin ba ka faɗa ba, tana ƙauye wajen suna. Da wannan na shiga ɗakin can."

Ruwa yana ɗiga daga rufin baranda. A can ƙasa jirgin ƙasa ya wuce.

"Gumbar tana nan," in ji Muhyiddeen. "In an jima ka fito da ita ta saki. A rataye wa mutanen hawan nan a ƙofofinsu, a ba masu gadi, a ba mai shara. Ka kira mini Yaya kuma. Amma ba yanzu ba."

"To."

"Akwai abin da nake so ka yi mini tukuna."

"Faɗi, Malam."

"A gida da yanzu an cika ƙofar gidanmu, ana shiga ana fita. Ni ko mutum ɗaya bai ce mini ya haƙuri ba. Nan kuma ba mai zuwa, an kulle kowa. Kai kaɗai ne." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Fita ka yi sallama."

Alkasim ya dube shi ya ga ba wasa yake ba. Ya shiga ɗakinsa ya cire gajeren wando da singileti, ya sa doguwar riga da hula. Ya buɗe ƙofar katako, ya buɗe ta ƙarfe, ya fita ya ja su ya rufe. Dogon barandan ba kowa, sai takalman mutane a bakin ƙofofi da warin maganin wanke hannu. Ya sa takalminsa don ya samu abin cirewa. Ya tsaya a gaban ƙofar gidan da yake biyan rabin hayarsa, ya ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum."

Ya jira, kamar yadda baƙo ke jira.

"Salamu alaikum," ya sake cewa.

"Wa alaikumus salam. Shigo."

Ya cire takalmi ya shiga, ya durƙusa a gefen dardumar, ya miƙa hannu biyu. Muhyiddeen ya kama.

"Malam, ashe haka Allah ya yi. Ya haƙuri?"

Muhyiddeen ya buɗe baki zai ba da amsar da kowa ya sani, wadda shi kansa ya ji an bayar sau ba adadi. Ba ta fito ba. Ya riƙe hannun Alkasim da ƙarfi, kafaɗunsa suka fara girgiza, kukan ya fito da sauti, wannan karon ba fanka.

Alkasim ya bar masa hannun. Ya gyara zama sosai a ƙasa, ya fara addu'ar.